Jar Akuyar Inna Sa'a

Kwana biyu Abdulaziz, malamin dabbobi daga Tasawa, yana kewaye wani ƙauye na yankin Maijirgi bisa moto, wato babur, da lasifika, yana shelar allurar rigakafin awaki kyauta. Maza suka taru ƙofar mai gari, suka saurara, suka ce "Madalla," suka watse. Ko ɗan akuya ɗaya ba a kawo ba! Ga ƙanƙarar akwatin maganin tana narkewa, in ta kai gobe da azahar magani ya lalace. Ciwon da ya share garkunan ƙauyukan gabas kuwa yana tafe.

Ya zauna gindin dogonyaro ransa a ɓace. Inna Sa'a mai ƙuli-ƙuli ta dube shi ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ɗana, ka gama yi wa masu gemu wa'azi? Garin nan sa da amalanke ne na namiji. Akuya ta mace ce."

Kunya ta rufe shi. Shekara huɗu yana karatun dabbobi, ba wanda ya taɓa faɗa masa wannan.

"To Inna, me ya hana matan fitowa?"

"An ce allurarku zubar da cikin akuya take. Kai kuwa ba ka tambayi kowa ba, sai ihu."

Ya durƙusa ya yi mata bayani, ta yi ta jefo tambaya har ya yi gumi. Da ya rantse cewa awakin mahaifiyarsa ya fara yi wa, masu ciki biyu, duk sun haihu lafiya, sai ta ce ya same ta bakin rijiya da safe.

Da safe ta jawo jar akuyarta mai tsohon ciki, wadda duk matan garin ke ƙyashi, ta kai ta bakin rijiya daidai lokacin da masu ɗibar ruwa suka cika.

"Soka mata nan, kowa ya gani."

Ya soka. Akuya ta yi kuka sau ɗaya ta koma kan harawarta. To, kowa ya san Inna Sa'a ko gyaran ƙuli ɗaya ba ta bayarwa, balle ta yi caca da akuyarta. Ai kuwa sai ga jarkoki a yashe, mata na rige-rigen gida kwance igiya.

Tun kafin rana ta take, kwalba ta ƙarshe ta ƙare, layin awaki kuwa har bayan masallaci. Ya kira shugabansa a Tasawa cike da murna.

"Ranka ya daɗe, a aiko da wani akwatin yau. A'a, biyu!"