Yatsun da Inna Take Miƙarwa

Tun da na faɗo daga tsani ina fentin bene, na karye a ƙasan wuya, yatsuna suka daina jin magana. Kafaɗa tana motsi, gwiwar hannu tana lanƙwashewa, wuyan hannu ma ina iya ɗaga shi, amma yatsun sai ka ce na aro ne.

Ni kuwa akwai bin diddigi, ko a kwance nake. Wata safiya ina wasa da hannun a kan bargo, na lura in na ɗaga wuyan hannu sai yatsun su dunƙule da kansu, babban yatsa ya manne da manuni. In na sake shi, su buɗe. To fa, wa ya aike su?

Na tambayi likitar gashin ƙashi da ke zuwa mana gida. Ta ce jijiyoyin yatsu kamar igiya suke, sun ratso ta wuyan hannu, in ya ɗaga sai igiyar ta ja. Da wannan zan riƙe cokali, har buroshi ma, amma sai an bar igiyar ta ɗan gajarce. In aka yi ta miƙar da yatsun za ta saki, shi ke nan riƙo ya tafi.

Ga shi Inna, mahaifiyata, kullum sai ta zauna bakin gado da man zafi ta miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, wai ɗanta ba zai ƙare da dunƙulallen hannu ba. Ba ta iya ɗaga ni, ba ta iya juya ni, wannan kaɗai ya rage mata. Na yi mata bayani, ta taɓe baki ta ce yaushe aka haifi likitar. Haushi ya kama ni, amma tausayinta ya fi haushin.

Washegari ta zo da man zafinta, ta sa yatsa a tafina za ta fara. Na tattara ƙarfina na ɗaga wuyan hannu. Yatsuna suka rufe a kan nata, sako-sako dai, amma sun rufe. Ta ja a hankali, hannun ya biyo ta.

"Kai ne ka riƙe ni?" in ji ta.

"Ni ne, Inna. In kika ci gaba da miƙar da su, ba zan ƙara iyawa ba."

Ta daɗe tana kallon hannun. Ta ce rabona da riƙe mata yatsa haka tun ina cikin zanin goyo. Sai ta ture kwalbar man gefe da ɗaya hannun, ta bar yatsanta inda yake a tafina.