Kwalabe Arba'in

Shekara huɗu Hamdiya ta yi a ƙasar waje tana digiri na uku. Abin da ta dawo da shi Tambuwal 'yan kwalaben roba ne guda arba'in, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. A cikinsu akwai gajerun zaruruwa irin na ƙwayar halitta, waɗanda ta harhaɗa da kanta a ɗakin gwaji. Aikinsu ɗaya ne. In aka haɗa su da ɗigon jinin wanda maciji ya sara, suna kama dafin kububuwa, takardar gwaji ta sauya launi, ma'aikacin lafiya ya san maganin da zai bayar ko ba a kawo mushen macijin ba.

An busar da su don kada su buƙaci firji. Busasshen kuwa ba ya ganuwa. Ko ka ɗaga kwalbar a rana, sai ka rantse ba komai a ciki.

Babi ɗaya ya rage mata a kundin bincikenta: ta gwada su a jinin mutum talatin a wannan damina. Wa'adin karatunta zai cika a Disamba, kuma an riga an ƙara mata sau ɗaya.

Ranar Talata ta sa guda huɗu a jaka, ta bar sauran a kwali a ɗakin mahaifiyarta, ta tafi Kebbe. Mota ta kai ta rabin hanya, kabu-kabu ya ƙarasa da ita cikin taɓo. A wani ƙaramin asibiti ta sami Malam Haliru, ma'aikacin da zai riƙa ɗibar mata jinin.

"Dakta, maciji dai muna da shi," in ji shi. "Shi kaɗai gwamnati ba ta yanke muna ba."

"Ban zama dakta ba tukuna."

"Mu nan duk mai tabarau dakta na. Yaushe za mu soma?"

"Jibi."

Ta iso gida bayan la'asar, bayanta kamar zai ɓalle. A tsakar gida ta ga tire a rana. Kwalabenta ne jere a kai, a kife, murafensu a gefe.

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu da bakin zane.

"Kin iso? Ga 'yan kwalabenki nan na wanke miki. Har da omo, na ɗauraye sau ukku. Takardun da ke jikinsu sun ba ni wuya, sai da na jiƙa."

Hamdiya ta durƙusa ta ƙirga. Talatin da shida.

"Ke dai ba ki canza ba," Inna ta ci gaba. "Ki ɗauko kwalabe wofi tun daga Turai, ko wanke su ba ki yi ba. Mi za a ce in baƙi sun gani?"

"Inna, ina kika zuba ruwan?"

"Inda nika zubawa mana. Gindin zogale."

Hamdiya ta dubi zogalen. Ƙasar har ta bushe.

Inna ta daina goge hannun. "Akwai wani abu ciki?"

"Akwai."

"Ni ban ga komi ba, Hamdiya. Na duba. Wallahi na duba."

"Na sani. Ba a ganinshi."

"Ba a samun wani a Sakkwato?"

"A'a."

"To ki sake yi mana, tunda ke kika yi shi."

"Wata biyar yake ɗauka, Inna. Kuma ba nan ba."

Inna ta ƙirga watannin da suka rage zuwa Disamba da yatsu, ta tsaya a na huɗu. Ta zauna a kan turmi.

Hamdiya ta shiga ɗaki ta rubuta wa malaminta saƙo. Ba ta ambaci Inna ba. Ta ce kayan sun lalace, huɗu suka rage, tana roƙon ƙarin shekara. Amsa ta zo kafin magariba. Babu ƙari. Ya ce ta cire babin, ta miƙa abin da ke hannunta, masu jarrabawa su yanke abin da suka gani.

Ta kira Malam Haliru.

"Mutum huɗu za mu yi, ba talatin ba."

"Fuɗu? Dakta, ai fuɗu kafin Juma'a mun gama. Sauran fa?"

"Sauran su ci gaba da kawo mushen macijin."

Ta kashe wayar, ta cire takalmanta, ta fita tsakar gida kankare taɓon da ya bushe a jikinsu.