Hon ɗin Kaka

"Umma, wai Gimbiya ba ta san Kaka ya rasu ba?"

Uwar na durƙushe a gabanta. Gwiwar yarinyar take gogewa da auduga. Yanzun nan aka tsamo mata 'yar daga bakin titi, saura ƙiris mota ta kwashe ta. Gimbiya, tsohuwar magen gidan, ita ce ta ji hon ta fita a guje, yarinyar kuma ta rufa mata baya.

Hon ɗin babur ɗin Kaka ne, mahaifin uwar, mai dusasshiyar murya kamar akuya mai mura. Kullum da yamma in ya shawo kwana sai ya danna shi, ya shigo da kan kifi a ƙunshin takarda. Tun magen tana 'yar mitsitsiya ta haɗa muryar nan da kifi. Tana ji za ta diro daga kan katanga tana lasar baki, tun kafin ƙamshin ya iso. Shi kuma ya tsaya a ƙofa yana tsokanar jikarsa: "Uwargida, mage ta riga ki tarbar miji. Anya auren nan zai ɗore?"

Bayan rasuwarsa babur ɗin ya koma hannun telan da ke ƙarshen layi. Shi ma da yamma yake tashi daga shago.

Uwar ta ɗaure gwiwar, ta saka mayafi, ta ja ƙofar da ƙarfi har sai da ta ji ta kama.

Ta samu telan yana kafe babur a ƙofar gidansa. Suka gaisa.

"Baba, alfarma na zo nema. A canja hon ɗin nan."

"Wannan? Ai shi ne kaɗai abin da bai taɓa lalacewa a jikinsa ba!" Ya yi dariya, sai ya ga fuskarta, ya daina.

Ta gaya masa abin da ya faru. Ta ce ta gwada kulle magen a ɗaki, ta yayyaga labule. Ta gwada ciyar da ita tun la'asar, a ƙoshe ma fita take yi.

Telan ya shafa kan babur ɗin. "Ni fa da gangan nake dannawa a ƙofarku, 'yata. Gani nake kamar gaisuwa ce."

"Na sani, Baba. Amma yarinyar nan ita kenan gare ni."

Washegari da yamma tana tsince shinkafa a tsakar gida, babur ya wuce. Wani siririn hon ya yi ƙara, irin na kowa. Gimbiya ta motsa kunne ɗaya, ta ci gaba da barci. Yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba daga zanen da take yi.

Abin da uwar ta nema ta samu. Ta zauna da faranti a cinya har inuwa ta cinye tsakar gidan, ba ta tsince ko tsakuwa ɗaya ba.

Kai da ke karanta wannan, in za ka sa a kashe wata murya a gidanku, ko da dole ce ta sa, ka roƙi a danna maka ita sau ɗaya tukuna, ka tsaya ka saurara da kyau. Ita ba ta yi ba.