Amshi: Wata Baiwar Allah

Yayana Nu'uman ɗan fari ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Innarmu Turai ta kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, in ya ishe ta ta ce "wancan mai surutun". A Dagumawa ya tashi wurin kakarmu, don ko goya shi a gaban mutane Inna ba ta yi ba. Kunyar ɗan fari ce, kuma a unguwarmu ta Sabon Gari da Inna ake ba da misali.

Shi kuwa Yaya hip-hop ya sa a gaba. Albam biyu ya yi a situdiyon abokinsa Garzali a Kano, na farko ko 'yan gidanmu ba su gama ji ba, na biyu ya ɗan shiga motocin haya. Yana da wata ɗabi'a tun da aka taɓa cire sunansa a waƙar da shi ya rubuta: duk wanda ya sa hannu a aikinsa sai ya rubuta shi a bangon albam, har mai kawo musu shayi. Ɗabi'ar nan ce ta ja mana.

Da damina ya zo gida yana gwada baiti, aka yi sallama da shi, ya bar wayarsa a kan tabarma tana ɗaukar murya. Inna na ɓarar gyaɗa, ta zaci ba kowa, sai ta shiga rera waƙar reno ƙasa-ƙasa, tana cewa Nu'umanu nata, Allah ya raya mata shi. Sai da ya koma Kano ya ji. Garzali ya ce min zama ya yi a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Mai hankali da ɓoye abinsa zai yi. Shi gogan naka sai ya ɗora kiɗa a kai, ya buɗe albam na uku da shi, ya rubuta ɓaro-ɓaro: Amshi, Inna Turai, mahaifiyata. Ranar Alhamis ya saki hoton bangon da ɗan guntun waƙar, wai albam ɗin sai bayan sallar Juma'a.

Washegari da safe mata sun cika tsakar gidanmu ana dakan sunan maƙwabciyarmu, sai ga Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, da waya a hannu. Matar nan in ta samu labari ko mayafi ba ta tsayawa gyarawa. Na zame bayan ɗaki na kira Yaya, na ce in ma tashi zai yi ya taso, ya kunna wutar da ba zai iya kashewa ba. Ya ce ai dama yana hanyar gida, yana bakin gadar shigowa garinmu, motocin shanu sun tare hanya, ranar kasuwa ce. Na ce ya sauka ya tako da ƙafa, sakarai kawai.

Kafin ya iso Gwaggo ta kunna ta sake kunnawa. Taɓare suka tsaya. Wata ta rufe baki tana dariya, wata ta ce ashe Turai ma ta iya. Inna na zaune da faifai a cinya, ba ta ɗago ba. Wallahi tausayinta ya kama ni, haushinsa kuma kamar in yi bindiga.

Yaya ya shigo yana haki, ya durƙusa ya gaishe su. Gwaggo ta dangwara masa wayar a fuska ta ce ya faɗa musu muryar wa ce. Inna ta riga shi.

"Ba muryata ba ce," in ji ta, idonta a kan faifai.

Na san abin da ke ran Yaya. Tun yana ƙarami yake jiran kalmar "Nu'umanu nawa" daga bakin Inna, yanzu ta zo, ana so ya ce ba tasa ba ce. Ya dubi Inna ya daɗe, ita ko kallonsa ba ta yi ba.

"Gaskiya ne, Gwaggo," ya ce. "Wata mata ce a Kano. Kuskure aka yi wurin rubutu."

Gwaggo ta taɓe baki. A nan durƙushe Yaya ya kira Garzali ya ce a gyara bangon kafin a sauko daga masallaci. Garzali ya tambayi me za a sa. Yaya ya ce a sa wata baiwar Allah. Ko ruwa bai sha ba ya fita.

Albam ya fito a haka. Da la'asar, bayan mata sun watse, ina wanke-wanke Inna ta zo ta ajiye ƙaramar wayarta a gefena, ta ce in tura mata waƙar yaron nan.

"Wacce daga ciki, Inna?"

Ta juya ta nufi ɗaki, sai da ta kai bakin ƙofa ta amsa.

"Ta baiwar Allahn nan. Ki rage mata ƙara."