Suwaitar Tagwai

Charity, wadda kowa a Unguwar Boro ke kira Maman Jessica, shekararta tara tana saƙa a ɗan shagon da ta fitar a barandar gidansu: hular jarirai, safa, suwaitar 'yan makaranta. Ba ta taɓa ɓata wa kwastoma aiki ba, kuma tana so a san da haka.

Ranar Talata Hajiya Rukayya ta Barnawa ta kira ta, janareton mai askin da ke maƙwabtaka da ita yana ta ruri. Abin da ta iya tsinta kawai shi ne, "Suwaita... ta su Tagwai... ruwan toka... Asabar za su Jos, kin san sanyin garinku."

Sai layin ya katse. Ta kira sau uku, wayar a kashe.

Ta zauna ta yi tagumi. Watan jiya ta ga Hajiya, babu alamar ciki. To ko jikoki ne? Maza ko mata? Kuma wa ke sa wa jarirai ruwan toka? Amma haka mai kaya ta ce. Ta ɗauko ulu mai laushi ta saƙa guda biyu daidai 'yan wata shida, ta ratsa jan zare a wuyan ɗaya don a riƙa bambance su.

Ranar Juma'a da hantsi ta hau keke zuwa Barnawa. Hajiya ta buɗe ledar, ta ɗaga 'yar rigar da yatsu biyu.

"Maman Jessica, wannan ta wa ce?"

"Ta tagwai mana, Hajiya. Ina suke?"

Hajiya ta waiga wajen wani dogon dattijo da ke zaune a falo yana jin rediyo, ta rage murya. "Ga su nan. Baba Tagwai, surukina. Aikin ido za a yi musu a Jos."

Charity ta ji kamar ta nutse. Ta fara lalubar ledar za ta mayar, sai dattijon ya ce, "Kawo in gani, 'yata."

Ya shimfiɗa su a gwiwa, ya kawo fuskarsa kusa, ya daɗe yana shafawa.

"Ai mu biyu ne," ya ce. "Husaini ya rasu tun ba a yaye mu ba, sunan ya zauna a kaina ni kaɗai. Wannan jan fa?"

"Don a gane su ne, Baba."

"An ce ni ma zare Inna ta ɗaura min a hannu." Ya naɗe rigunan ya ajiye a gefensa. "A bar min su."

Charity ta rasa ko haƙuri za ta ba shi, ko ta'aziyya za ta yi, ko godiya. Ta haɗa duka ta faɗa a tare, ita kanta ba ta gane me ta ce ba. Hajiya ce ta cece ta, ta miƙo mata tef na awo, Charity ta gwada kafaɗar Baba.

Da ta koma shago ta tarar ulun ruwan toka ba zai kai ba, na kasuwa kuma ya fi shi duhu. Ta kwana tana saƙa suwaitar Baba, ta yi jikin rigar da nata ulun, hannuwan da na kasuwa.

Asabar da safe Baba ya saka a bakin mota. Hajiya ta kalli hannuwan, ta kalli Charity, ta buɗe baki.

"Ta yi," in ji Baba, ya shiga mota ya ja ƙofa.