Ranar da Na Yi wa Okid Feshi

Shekara ashirin da biyu ina aiki a ɗakin rainon shuke-shuke na jami'a, kuma taƙamata guda ce: ƙwaro bai isa ya wuni a ɗakina ba. Ni da su ba ma ga maciji.

Ranar Talata da safe na tarar an ɗage ragar taga, ga wasu ƙananan ƙudajen zuma sun yi dandazo a kan furannin okid na Dakta, malamar da ke bincike a ɗakin, waɗanda ta shekara uku tana jiran su buɗe don ta samu iri. Sai kokawa suke da furen kamar za su yaga shi. Raina ya ɓaci. Na sauke raga, na saɓa tankin feshi, na yi musu wanka. Har da 'yar waƙata.

Dakta ta shigo da kyamara a wuya. Sa'ar 'yata ce, Baba take ce mini.

"Baba, warin me nake ji?"

"Ai na gama da su, Dakta. Wani sakarai ne ya bar taga a buɗe."

"Ni ce na buɗe," ta ce a hankali.

Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ta ce furen nan ko ɗigon zaƙi ba shi da shi. Kamannin macen ƙudan yake ɗauka, har gashinta da ƙamshinta. Namiji ya zo yana zaton ya samu mata, sai garin furen ya manne masa a ka, ya kai wa wani furen. In ba su, ba iri.

"Kwana biyar yake yi a buɗe, Baba. Yau na huɗu. Da warin nan babu wanda zai sake zuwa."

Kunya ta hana ni kallonta. Na jawo tsintsiya don in samu abin yi.

"Kada ka share tukuna."

Ta durƙusa tana tsintar gawarwakin ɗaya bayan ɗaya. Can ta miƙo mini ɗaya a tafin hannunta. Ga wasu ƙulli biyu rawaya a manne a goshinsa.

"Ka ga wannan," ta ce. "Har ya ɗauko. Kaiwa kawai ta rage masa."