Kwana Takwas a Tsibirin Mata

Jaririn Gitel Brandwein ya kwana shida a duniya ubansa bai sa shi a ido ba, alhali da za a ƙwala kira daga nan, can za a ji. Mijinta Leizer yana tsibirin maza, ita tana tsibirin mata, teku a tsakani, mai igiyar ruwan da ke jan jirgi ta kai shi inda bai yi niyya ba.

Dalilin zamansu a nan kuwa, idan mutum bai yi dariya ba haushi ya kashe shi. Sun gudo daga Vienna bayan Jamusawa sun mamaye ta, saboda su Yahudawa ne. Sun yi shekara ɗaya da rabi a Trinidad, Leizer ya buɗe ɗan shagon gyaran takalma a Port of Spain, har sun fara sabawa da zafi da soyayyar ayaba. Sai yaƙi ya yi tsanani a 1940, Turawan Ingila masu mulkin ƙasar suka duba fasfo suka ce ai waɗannan Jamusawa ne, abokan gaba. Aka kwashe su aka zube a kan duwatsu biyu cikin teku. Har tsohuwa Perel, uwar Leizer, da ciwon gwiwarta da haƙoranta uku, wai ita ma barazana ce ga daular Ingila.

Perel ba ta da magana sai ta rana ta takwas. A addininsu, a ranar ake yi wa ɗa namiji kaciya, kafin rana ta faɗi, a ranar kuma ake fara furta sunansa. Mai yin kaciyar, Reb Zalman, yana can wajen maza da 'yar wuƙarsa. Kowace safiya idan jirgin ruwan sha da burodi ya iso, Perel na tsaye a bakin gaɓa tana jiran jami'in da ke rako shi.

"Ranka ya daɗe, a bar Reb Zalman ya tsallako mana. Tsoho ne fa, ko akuya ba zai iya kamawa ba. Me zai yi wa sarkinku?"

"Na kai maganar sama, Madam."

"Wane saman? Mu ma can muka kai tamu, shiru kake ji."

A rana ta bakwai jami'in ya zo da amsa, yana ta murmushi, shi a dole ya yi abin kirki. Doka ta hana namiji taka tsibirin mata, ta hana mace taka na maza, wannan ba mai taɓa shi. Amma jaririn ba ya cikin takardar kowa, don haka gobe mai jirgi zai iya ɗaukarsa shi kaɗai, a yi abin da za a yi, a dawo da shi cikin awa biyu.

Perel ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Ubangiji. Matan ɗakin suka hau shiri, wata ta fito da sukarin da take ɓoyo, wata ta yanka gefen rigar aurenta don a naɗe yaron. Gitel kuwa ta koma kan gadonta ta juya wa kowa baya.

Kowa a ɗakin ya san tana da wata 'ya, amma ba a ɗauko zancen. Mirel sunanta. Lokacin da aka kama Leizer a Vienna, ba wanda ya san ko za su fita da rai, sai Gitel ta sa yarinyar a jirgin ƙasan da ke kai yara Ingila. Da hannunta ta miƙa ta ga wata mata mai fara'a, wadda ta ce ta kwantar da hankalinta, 'yan watanni ne kawai. Mako uku bayan nan aka sako Leizer, suka sami tikitin Trinidad. Mako uku kacal! Wasiƙar ƙarshe da ta zo daga Ingila, wani ne ya rubuta ta da Turanci a madadin yarinyar.

"Mama," Gitel ta ce wa Perel, "ba zan iya ba."

"Ba za ki iya me ba? Ke za a yi wa?"

"Ba zan ba da shi ba."

"Awa biyu fa, 'yar nan. Kina tsaye kina kallo. Ɗana na can kamar zai haukace, bai san ko hancin wa yaron ya ɗauko ba. So kike a ce jikana ne na farko a zuriyarmu da ya wuce ranarsa? Abin da waɗancan la'anannun na Vienna suka kasa hana mu, ke za ki hana?"

Gitel ta san gaskiya tsohuwar ta faɗa. Ita ma tana so. Sunan da suka zaɓa da Leizer tun cikin yana wata biyar yana nan a bakinta, ta ƙosa ta kira ɗanta da shi.

Washegari da hantsi ta yi wa yaron wanka, ta shayar da shi, ta naɗe shi, ta sauko gaɓa da ƙafarta, matan na biye. Mai jirgin, Mista Lezama, baƙin mutum ne mai furfura, ya zo da kwandon da matarsa ta shimfiɗa wa farin zane. Soja ɗaya na zaune a bayan jirgin da bindiga a cinya.

"Kawo shi, Madam," in ji Lezama. "Nawa tara ne a gida. Shekara talatin ina kan ruwan nan, ko ƙwai ban taɓa fasawa ba. Kwantar da hankalinki."

Da ya yi mata tsawa, da wataƙila ta miƙa. Kirkinsa ne ya karya ta. Ta sunkuya har zanen yaron ya taɓa bakin kwandon, sai hannuwanta suka ƙi buɗewa. Ta umarce su, suka ƙi. Tana jin ɗumin kansa a wuyan hannunta, tsoro ya cika ta har ba ta ganin gabanta sosai.

"Sake shi mana!" Perel ta daka mata tsawa, sannan muryarta ta karye. "Gitel, 'yata, don Allah. Ni zan tsaya kusa da ke."

Gitel ta miƙe, ta ja da baya taku biyu, ta ƙanƙame shi. Sojan ya duba agogo ya ce ruwa ya fara juyawa, kuma izinin na yau ne kaɗai. Lezama ya ƙara jira kaɗan, ya girgiza kai, ya ajiye kwandon a tsakiyar jirgi, ya tura.

A can gaɓar maza an taru, kowa ya sa abin da ya rage masa na kirki. Daga nesa suka hango kwando da farin zane a cikin jirgi. Sai suka ɗauki waƙar da ake tarbar jariri da ita, muryoyin maza wajen hamsin, iska ta kawo ta tsibirin mata tar. Wasu matan suka rufe fuska. Gitel ta yi ihu ta ce su daina, amma iskar ba can take kaɗawa ba.

Ta ga wani siriri ya fito daga cikin taron, ya shiga ruwa da wandonsa har gwiwa, ya miƙa hannu biyu. Ko daga nan ta san tafiyar Leizer. Lezama ya ce masa wani abu. Leizer ya leƙa cikin kwandon, ya ɗaga zanen, ya sake leƙawa.

Na bayan ba su gani ba, suka ci gaba da waƙar na ɗan lokaci, sannan ta mutu a hankali, murya bayan murya. Leizer bai fito daga ruwan ba. Ya juyo ya fuskanci tsibirin mata, hannuwansa a sake. Gitel ta matso har bakin ruwa, ta ɗaga masa yaron sama iya tsawon hannunta, tana kuka, ta san kuwa daga inda yake ba abin da zai gani sai farin ƙyalle.